Jan Kwaɗo

A Båtsfjord, watan da rana ke ƙin fitowa,
ƙarfe goma na safe duhu ne kamar cikin tulu.
Rumfar feɗe kifi, daɓe jiƙe da ruwan gishiri,
dogayen ƙwan fitila arba'in da biyu a rufi,
rabinsu na ƙifta ido kamar masu gyangyaɗi,
suna gunaguni tun kafin a haife ni.

Ni da Torleif muka zo sauke su.
Mako na uku ke nan ina koyon aiki,
hannu na ƙaiƙayi, ƙafa ta riga ta hau tsani.
"Sauko, Ingunn," ya ce.
"Makunnin bango maƙaryaci ne.
Zai ce miki ya kashe, alhali ido kawai ya rufe."

Muka taka har ɗakin babban akwati.
Ya ja makunni ƙasa, ya ɗana jan kwaɗo,
kwaɗon da ba ya kuka, ba ya tsalle,
ya rubuta sunansa a takarda ya rataya,
mabuɗin ya jefa cikin aljihun ƙirji.

"Cire zobenki."
Na cire ina tura baki.
Sai ya miƙo mini yatsansa na hagu:
wani farin tabo ya zagaye shi tsaf,
zoben da wuta ta ɗaura masa
shekara talatin, bai ciru ba.

Tsanin ƙarfe ya tura gefe da ƙafa,
ya jawo nasa, wanda wuta ba ta bi.
Tasta ma sai da ya gwada ta inda wutar take,
ta yi ƙara, sannan ya yarda da shirunta.

Tsohon ƙwai, a karɓe shi kamar jinjiri,
akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe huhu ke biya.
Sabon kuwa, a karanta jikin kwali tukuna:
wani yana zama lafiya da tsohon cok,
wani sai an raba su, an sake wa waya hanya.
Kar ki riƙe haƙoran wannan gefe
kina cusa wancan a rami.
In kin gama, manna takarda a jikin gidan
don wanda zai zo bayanki da tsohon ƙwai
ya san an canja ɗaki, an canja maigida.

Talatin da tara muka yi, shiru, shiru, shiru.
Na gaji da tambayar waya abin da na sani.
A layin ƙarshe, bakin ɗakin ƙanƙara,
na miƙa hannu tsirara.

"Tasta," ya ce. Bai ko ɗaga kai ba.

Na kai ta don kawai ya bar ni.
Ta tsala ihu.
Jan idonta ya buɗe a tafin hannuna.

Ashe ukun nan ba 'yan gidan ba ne,
daga wani akwati suke sha, bayan injin ƙanƙara,
aikin wani da bai bar ko layi a takarda ba.
Na dubi takalmina, na dubi ruwan da ke ƙasa.
Gwiwata ta ƙi ɗaukata.

Torleif bai ce "na faɗa miki" ba.
Ya zuba mini kofi a murfin filas,
ya tafi neman kwaɗo na biyu.
In kunne ya ji, jiki ya tsira,
ranar kunnena ƙarar tasta ya ji.

Da la'asar, wadda a nan ba ta da bambanci da dare,
muka buɗe kwaɗi, muka ɗaga makunni.
Haske ya sauko fari tas, babu gunaguni.
Ragnfrid mai wuƙa ta dubi teburinta ta ce,
"Kai! Ashe haka wurin nan yake da datti?"

Yanzu ina da nawa jan kwaɗon.
Zobena yana kwana a aljihu har a tashi aiki,
yatsana kuwa, launinsa ɗaya.